Gashin Ido na Bakwai

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin ido, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe a kaina, ba na iya bambance wannan da waccan. Guda ɗaya ce ta ƙi shiga cikin sauran: wata Talata ta bazara da na durƙusa a ƙofar ɗakin wata mata da ta rasu, allura a hannuna, ina jiran wani tsoho ya damƙe guntun ƙarfe. Tun da ku masu koyon aikin ido kun matsa sai na ba ku labari, to ku bar duba agogo. Masu jiran ku a waje sun saba.

A lokacin, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai, ni ƙaramin malamin asibiti ne a wani ɗakin shan magani da ke cikin birnin Zariya. Sama da ni akwai babban malami mai ba da magani, sama da shi kuma akwai likita Bature da ke shigowa birni duk ranar Alhamis. Aikina wanke gyambo, ɗaure rauni, ɗiga maganin ido. Sunana Dalhatu, amma mutanen unguwa ba su san wannan ba. Mai akwati suke ce mini, kuma yanzu za ku ji dalili.

Akwai wani ciwon ido da ya yi yawa a wancan zamani. Yakan daɗe yana cin fatar ido ta ciki har ta tattare, gashin ido ya juya ciki maimakon waje. Duk ƙyaftawa ɗaya sai gashin ya karci ƙwayar ido, ku kuwa ku lissafa sau nawa mutum yake ƙyaftawa a wuni. Haka zai yi ta karta har fari ya rufe baƙin idon, mutum ya makance. Mutane suna da dabararsu, wato hantsaki. Za ka ga tsohuwa da ɗan hantsakinta rataye a wuya kamar laya. A cire gashin yau, bayan 'yan kwanaki ya sake tsirowa, wani lokacin ma ya fi na da tsini.

Sai likita ya zo mana da wani akwatin katako, bai fi girman rediyo ba, da batura a ciki da wayoyi biyu, baƙa da ja. Baƙar tana zuwa ga wata siririyar allura. Jar kuma tana zuwa ga guntun ƙarfe da ake naɗewa da tsumma, a jiƙa da ruwan gishiri, a ba mai ciwo. Ga yadda ake yi. Ka sa maganin kashe zafi, ka ɗaura gilashin ƙara girma a goshi, ka bi jikin gashin da allurar har cikin raminsa, sannan ka ce wa mai ciwon ya damƙe ƙarfen. Sai ka ƙirga ashirin a zuci. In ka ga 'yar farar kumfa ta fito a gindin gashin, wuta ta kai saiwa. Ka kama shi da hantsaki. In ya biyo ka ba gardama, ya mutu ke nan, ba zai ƙara tsirowa ba. In ya yi maka taurin kai, ba ka yi komai ba, sake.

Dokoki biyu likita ya kafa mini, da Hausarsa ta littafi. Ta farko, kada a cire gashin har sati biyu kafin aiki, domin gashin shi ne jagoran allura, in babu shi ba ka san inda ramin yake ba. Ta biyu, kada in kuskura in danna wa mutum hannu a kan ƙarfen. Ya ce in bai riƙe ba wuta ba ta tafiya, to ka jira shi, don mutumin da wuta ta zo masa ba shiri zabura yake yi, ga allura a bakin idonsa. Na ce to. Ina da shekara ashirin da huɗu a lokacin, kuma jira ba ya cikin abubuwan da na iya.

Wata Alhamis aka kawo mana Malam Yero daga unguwar Kusfa. Mai aikin riga ne, irin masu zaman wata da watanni suna zuba zare a ƙirjin babbar riga. Ya haura sittin. Idonsa na hagu ya daɗe da yin fari fat, na dama ne kaɗai ya rage masa, da shi yake ɗinki, da shi yake gane hanyar masallaci. 'Yarsa Asabe, wadda ke aure a Tudun Jukun, ita ta riƙo masa hannu. Likita ya ɗaga fatar idon ya duba, ya ga kawunan gashi shida sun fara leƙowa ta ciki. Ya ce mini allura ta isa, ba sai an yi yanka ba, amma in aka bar su, tsohon nan ba zai ga ruwan damina da idonsa ba.

Na tambaye shi, kamar yadda muka saba, "Baba, wa yake cire maka?"

"Mai ɗakina ce," in ji shi. "Shekara ashirin da wani abu, kullum bayan azahar. Allah ya yi mata rasuwa, yau kwana hamsin."

Muka yi masa ta'aziyya. Na ce, "Tun daga lokacin fa?"

Ya ce, "Ba ni ba dai."

Asabe ta sunkuyar da kai. Ban kula ba. Na ba shi maganin shafawa, na gaya masa dokar sati biyu, likita kuma ya ce tun da hasken rana yana damunsa, ni zan kai masa akwati har gida.

Ranar da sati biyu suka cika na ɗaure akwatin a bayan keke na nufi Kusfa. Gidan yana ƙarshen wani lungu da keke da kyar ya shiga. Tsohon gida ne na ƙasa, zaure biyu kafin tsakar gida. A zauren farko ga tabarmarsa da wata riga da aka yi rabin aikinta, allura soke a jiki. Tsakar gidan a share tas, amma ba kaza, ba akuya, ba motsin kowa. Turmi a kife a gindin bango. Asabe takan kawo abinci da safe ta share ta koma, shi kaɗai ne a gidan. Ya kai ni ƙofar ɗakin marigayiya, mai kallon yamma, ya ce nan ne haske ya fi kyau in rana ta karkata, a nan marigayiyar take cire masa gashin.

Na ɗaura gilashi na ɗaga fatar idon. Babu gashi ko ɗaya. Bakin fatar sumul, sai 'yan jajayen ɗigo-ɗigo inda aka tsige su, kuma tsigar ba ta wuce jiya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi gumi, na turo keke cikin zafin nan, ga wasu masu ciwon suna jiran akwatin.

Na ce, "Haba Baba, me na ce maka?"

"Ka ce kada a cire."

"To wa ya cire?"

"Ɗan nan, ni ban taɓa idona ba."

"Asabe ce?"

"Asabe ko ƙaya ba ta iya cirewa a ƙafa, balle ta kusanci ido."

Ina cikin cika ina batsewa idona ya kai kan bangon da ke jikin ƙofar. Duk wata tsaga da ke jikinsa an cusa mata ɗan ƙullin auduga, ƙanana kamar ƙwayar wake, tun daga tsayin kafaɗa har ƙasa, ba su ƙirguwa. Na tambaye shi. Ya ce ai mai ɗakinsa ba ta taɓa barin gashinsa ya faɗi ƙasa ba, takan ce gashin mutum ba a yar da shi, sai ta naɗe a auduga ta cusa a bango. Tsofaffin duk sun rine sun koma launin ƙasar bangon. Amma can ƙasa, daidai inda hannun wanda ke zaune zai kai, akwai wasu a jere farare sol.

Na ce, "Waɗannan fa, Baba?"

Ya ce, "Ai ka gani."

Na ɗauka tsufa ne da taurin kai. Ga hantsakin matar rataye a ƙusa a bakin ƙofa, igiyarsa ta yi baƙi saboda daɗewa a wuya. Na ce ya ba ni, zan riƙe har mu gama. Ya ciro ya miƙo mini, amma sai da na ɗan ja kafin ya saki igiyar. Na jefa shi cikin akwati na tafi, ina ganin na yi dabara.

Wannan ita ce wautar da na yi, kuma ina so ku ji ta da kyau. Da na koma bayan sati biyu, idon ya yi jajir, hawaye na zuba ba tsayawa. An dai taɓa gashin, amma tun da babu hantsaki ba a tsige su daga saiwa ba, kakkarya su aka yi. Guntun gashi kuwa ya fi dogo mugunta, domin dogon yakan kwanta, guntun a tsaye yake kamar ƙaya. A gefen baƙin idon wani ɗan fari ya fito, kamar ƙwayar gero. Na duba hannunsa na ga farcen babban yatsa da na manuniya dogaye, irin na masu ɗinki da suke tsinto zare da su. Na ce a raina, tsohon nan ƙarya yake yi mini. Ban tsaya na ce wa kaina ni na ƙwace hantsakin ba.

Sa'ar da na ci ita ce guntayen suna ganuwa a gilashi. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. In sa allura, in ce "Baba damƙe," ya damƙe, in ƙirga, kumfa ta fito, gashi ya biyo. Shida cif, yadda likita ya ƙirga. Na hau kekena ina fito, ina jin babu kamata a birnin Zariya.

Ranar Alhamis na ba likita rahoto. Yana shirin tafiya rangadin ƙauyuka na sati uku. Ya ce in sa ido a kan farin nan. In ya tsaya, mun gama. In yana ƙaruwa, akwai abin da ke karta har yanzu, in nemo shi. In kuwa farin ya kai tsakiya, ba ni ba, ba shi ba, ba wanda zai iya komai. Ya shiga motarsa ya tafi.

Ran Litinin da hantsi sai ga Asabe a ɗakin shan magani. Ta tsaya a bayan ƙyaure ta gaishe ni, ta ce idon Baba ya ƙi, jiya bai iya zura zare ba. Na ce gobe zan zo. Ba ta tafi ba. Ta yi ta murza bakin mayafinta, can ta ce, "Malam, ni fa na daina kai azahar a gidan nan."

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce wata rana ta manta kwano ta koma ɗauka. Tana zaure na biyu ta ji magana daga tsakar gida. An ce, "Malam, kar ka ƙyafta." Ta ce, "Haka Inna take cewa in za ta cire masa. Kuma duk gidanmu ba mai ce wa Baba Malam sai ita." Ta leƙa ta ga Baba kwance shi kaɗai. Ba ta ɗauki kwanon ba.

Na yi dariya, na ce zafin rana ne da kewa. Amma bayan ta tafi na zuba wa wani mutum maganin tari a kan gyambo, sai da babban malami ya daka mini tsawa.

Talata da hantsi ina gidan. Farin ya ƙaru, ya kai ƙwayar dawa, kuma ya doso tsakiya. Na ɗaga fatar, na juya ta, na bi bakinta daga wannan kusurwa zuwa waccan har nawa idon ya fara ruwa. Ramuka shida da na ƙona lafiya lau, ba abin da ya tsiro. Ban ga komai ba. Amma a bango an sami ƙarin farar auduga, kuma tsohon yana cewa kamar yashi ne a idonsa. A nan tsoro na farko ya kama ni, tsoron aiki. Likita ba ya nan, ni na karɓi hantsaki, ni na ce an gama, kuma idon mutum yana tafiya a hannuna.

Na ce masa zan jira rana ta karkata in sake dubawa. Ya ce gida nawa ne. Muka yi azahar tare, muka ci tuwon da Asabe ta bari. Sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, ya ɗauko wani tsohon zane na saƙi ya ninke ya yi matashi, ya kwanta rigingine, kansa na wajen ƙofa. Ni kuma na jingina da bango, taku huɗu tsakaninmu, gilashina a goshi.

Kun san shirun azahar na bazara a cikin birni. Ba sallamar kowa, ba daka, ko kurciya ta yi shiru. Numfashinsa ya yi nauyi, ya fara ɗan minshari. Ni ma gyangyaɗi ya fara ɗibata. Sai na ga hannunsa na dama ya tashi.

Mutum in zai taɓa idonsa, daga ƙasa hannu yake zuwa, ku gwada ku gani. Wannan bai yi haka ba. Ya miƙe ya wuce kansa ta baya, har bakin ƙofar ɗakin, sannan ya lanƙwaso ya sauko ta kan goshi, yadda hannun wanda ke zaune a bayanka zai zo in ka ɗora kai a cinyarsa. Ya shafi goshin sau biyu, a hankali. Yatsan tsakiya ya ɗaga fatar idon. Minsharin ya tsaya. Sai na ji an ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, kar ka ƙyafta."

Daga bakinsa ta fito, wannan na gani. Amma ba maganarsa ba ce. Shi mutum ne mai jan magana, wannan kuwa gajeriya ce, da ɗan faɗa-faɗa a ciki, irin na wadda ta faɗi abu sau dubu kuma ta san ba za a ji ba. Na ji tsoro, ba na jin kunyar faɗa muku. Duk addu'ar da ta zo bakina na karanta, wata ma ban kai ƙarshenta ba na kama wata. Ƙafafuna zaure suke so.

Abin da ya hana ni gudu shi ne hannun bai yi lalube ba. Kai tsaye ya nufi kusurwar ido ta wajen hanci, can ciki, inda ni na wuce sau biyar ban tsaya ba. Na rarrafa da gwiwa, na sauke gilashi a idona, na sunkuya. Rana ta riga ta karkato ta faɗo kan fuskarsa. A tsakanin faratan nan biyu na ga wani abu ya ɗan yi ƙyalli. Gashi ne, fari, siriri kamar zaren gizo-gizo, kwance a kan ƙwayar idon. Da safe ba ya ganuwa, sai hasken wannan lokacin ya buge shi ta gefe. Shi ne na bakwai.

Farcen ya kama ya zame. Ya sake kamawa ya zame. Na san in ya kama na uku karya shi zai yi, in rasa jagora har sati biyu, idon nan kuwa ba shi da sati biyu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Inna, bar mini wannan. Ni zan cire."

Hannun ya tsaya cak. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki fatar idon, ya koma ta hanyar da ya zo, ta kan goshi, ta bayan kai, ya sauko ya kwanta a tabarma.

Na taɓa ƙafarsa na ce, "Baba." Ya buɗe ido ya gan ni durƙushe a kansa ina zufa. Bai yi mamaki ba.

"Ka gan ta?" in ji shi.

"Hannunka na gani, Baba."

"To."

Na gaya masa akwai gashi na bakwai, fari, a kusurwa, shi ne ke cin idon. Ya yi murmushi. Ya ce, "Ta san shi. Takan ce duk cikinsu wannan ne maras kunya, sai ta sa ni na juya wajen rana kafin ya fito." Ya ce tun da ta rasu, kullum in ya farka da la'asar yakan ji idon ya yi sanyi, ya ga sabuwar auduga a bango. Bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya taɓu.

Na buɗe akwati na fara haɗa wayoyi. Ya ce, "Tsaya, ɗan nan. In ka kashe shi, zai sake fitowa?"

"A'a, Baba."

"Ko bayan shekara?"

"Har abada."

Ya kalli bangon. Sannan ya ce, "To me zai kawo ta?"

Ya ce in mayar masa da hantsakin in bar wannan ɗayan, shida sun isa. Ya ce ba ya roƙona komai sai wannan. Na yi tunani, don ba zan ce muku ban yi ba. Amma na ga farin, na ga abin da ya rage tsakaninsa da tsakiyar ido, bai fi kaurin zare biyu ba. Na ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. In gashin nan ya ƙara sati, rigar da ke zaure wani ne zai ƙarasa ta, kuma Asabe ce za ta riƙa ja maka sanda. Zan sa allura. Ƙarfen ga shi nan kusa da hannunka. Ni ba zan sa maka shi ba, kuma ba zan danna maka ba. In ba ka ɗauka ba, in zare allurata in tafi."

Ya mayar da kansa kan zanen. Na sa maganin kashe zafi. Na jiƙa tsumman, na ajiye ƙarfen a faranti dab da hannunsa na dama. Na bi jikin farin gashin da allura har ta zauna a raminsa. Sannan na jira.

Ban taɓa yin jira irin wannan ba. Zufa tana gangarowa ta bayan gilashin. Inuwar katangar yamma ta taso tana cin tabarmar, na kuwa san da ta hau fuskarsa gashin zai ɓace mini. Sau biyu zuciyata ta ce in sa gwiwa in tura masa ƙarfen cikin tafi, wa zai sani? Ban yi ba, kuma ba don kirki ba, don tsoron ya zabura ne. Idonsa biyu, yana kallona, hawaye na bin gefen kunnensa.

Sai na ji farantin ya yi ƙara kaɗan. Na ji an matse jiƙaƙƙen tsumma, ruwan yana ɗiga. Kuma aka ce, "Malam, kar ka ƙyafta."

Ku da kuka san gilashin nan kun san ba ka ganin komai a cikinsa sai abin da ke gabanka. Fatar ido nake gani da allura. Ban ga bakinsa ba, saboda haka ba zan ce muku ya motsa ba, ba zan ce bai motsa ba. Na dai ƙirga ashirin, ko da yake ina jin na tsallake wasu. Kumfar ta fito. Na zare allura, na kama gashin, ya biyo ni salin-alin. Bai ƙyafta ba ko sau ɗaya.

Da na ɗaga gilashin, ƙarfen yana damƙe a hannunsa na dama, yana kallon hannun. Ya ce, "Ba ni na ɗauka ba."

Na yagi auduga a cikin akwatina na naɗe gashin na ba shi. Ya lalubi tsaga a ƙarshen jerin fararen ya cusa da babban yatsa. Na ciro hantsakin na mayar a ƙusarsa. Na yi masa sallama, na tura kekena har bakin lungu.

Farin ya tsaya a inda yake. Ya bar ɗan tabo a gefe, amma tsakiyar ta tsira. Da likita ya dawo na ba shi labari duka, ya saurara, ya ce hannun da ya ji abu ɗaya shekara ashirin yakan koya, kuma mutane suna magana cikin barci. Na yarda, har yau na yarda. Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, haka aka karantar da mu. Na dai tambaye shi, to na biyun fa, da mutumin yake ido biyu? Ya ce in je in wanke allura.

Malam Yero ya ƙarasa rigar nan kafin ruwa ya sauka, ya kuma ɗinka wasu da yawa bayanta. Da kaka na bi ta Kusfa na tarar da shi a zaure yana aiki. Na duba idon, garau. Na ce, "Baba, yaya barcin rana?" Ya ce, "Ina yi har la'asar. Ba mai taɓa ni." Ya gode mini, ya sa mini albarka mai yawa. Amma daga ranar har ya bar duniya, duk sanda muka haɗu a hanya, in zai amsa gaisuwata sai ya juyo mini da gefen makahon idon.

Ban taɓa jin haushinsa ba. Da za a mayar da ni ranar, allurar nan zan sake sawa, domin aikinmu ido ne. Sai dai na fahimci cewa ciwon da ya daɗe a jikin mutum ba shi kaɗai yake zaune ba, akwai wanda ya saba kula da shi, kuma in ka cire ciwon har da wannan kake cirewa. Tun daga lokacin ban ƙara karɓe hantsakin kowa ba. Kuma in na tambayi mai ciwo wa yake cire masa, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurari amsar har ƙarshe, ko da layi ya kai bakin titi.